SHARHI: MURTSUNGUWA MAI 'YA'YA, A GWADA KAFIN A ZUBA JARI

Duk ɗan kasuwar da ke safarar shanu daga Potiskum, Maigatari ko Illela zuwa Legas da Ibadan ya san halin da dabbobi kan shiga daga watan Maris zuwa faɗuwar damina. Makiyaya ta ƙone, karan dawa ya ƙare, harawa da dusa sun yi tsada, rijiyoyi kuma sun ja baya. Saniyar da ta yi ƙiba da kaka sai ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, madara ta ragu, mai kiwo ya sayar da asara, mai saye kuma ya biya kuɗin mota domin ɗaukar ƙashi da fata. Wannan asara ta shekara-shekara ce ta sa duk wani tsiro da aka ce yana ba da abincin dabbobi a tsakiyar bazara ya cancanci a saurari labarinsa da kunnen basira.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan tsirrai ita ce murtsunguwa mai 'ya'ya, wadda masana kimiyyar tsirrai ke kira Opuntia ficus-indica. A shekarar 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tare da cibiyar binciken aikin gona a busassun yankuna, ICARDA, suka fitar da wani littafi a kanta, suka kuma yi kira ga ƙasashe masu fama da fari da su mayar da hankali gare ta. Kiran yana da hujja mai ƙarfi. Sai dai tarihin wannan tsiro a ƙasashen da suka daɗe da shi ya nuna cewa ya arzuta wasu, ya kuma talauta wasu, gwargwadon irin shirin da aka yi kafin a shuka. Saboda haka abin da ya dace da Nijeriya shi ne gwaji na tsanaki a hannun masana, kafin bankuna da 'yan kasuwa su saki kuɗinsu.

Asalin tsiron daga ƙasar Meziko ne, inda aka shafe dubban shekaru ana cin sa, har hotonsa ya hau tutar ƙasar, gaggafa na tsaye a kansa riƙe da maciji. Mutanen Meziko na kiran tsiron nopal, 'ya'yansa kuma tuna. A ƙarni na 16 Sifaniyawa suka tsallaka da shi Turai, daga nan ya bazu a gaɓar Bahar Rum da Arewacin Afirka. A Tunisiya ana ce masa hindi, a Masar tin shauki, wato ɓaure mai ƙaya, a Habasha kuma beles. Abin da jama'a ke ɗauka ganyensa ne, wato fallayen nan masu faɗi da kauri kamar tafin hannu, a gaskiya rassa ne, kuma a gefensu fure da 'ya'ya ke fitowa.

Wajibi ne a bambanta shi da ƙyarana, wadda ake shinge da ita a ƙauyukan Filato da wasu sassan Arewa. Ƙyarana tana da farin ruwa mai guba wanda ke ƙona fata, yana kuma iya lahanta ido, kuma ba danginsu ɗaya da murtsunguwa mai 'ya'ya ba, ko da yake sun yi kama daga nesa. Ruwan da ke cikin fallen Opuntia ba shi da launin madara, yauƙi gare shi irin na kuɓewa. Duk wanda ya rikita biyun nan, dabbobinsa ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Sirrin juriyar wannan tsiro yana cikin yadda yake numfashi. Gero, dawa da masara kan buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu da rana domin shaƙar iska, kuma ta waɗannan ƙofofi ne ruwan jikinsu ke tsiyayewa cikin zafi. Murtsunguwa kuwa rufe nata take yi da rana, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ta buɗe ta shaƙa ta adana, gari ya waye ta sarrafa abin da ta adana da hasken rana. Ta wannan hanya takan samar da abinci da ruwan da bai wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da masara ke bukata ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin fallenta ruwa ne. Hukumar FAO ta bayyana cewa hekta guda na iya riƙe har tan 180 na ruwa a jikin tsiron. Binciken da aka gudanar a Tunisiya ya nuna cewa tumakin da ake ba isassun fallaye kusan daina shan ruwa suke yi. Ga mai kiwon da ke sayen ruwa a jarka a watan Afrilu, wannan magana ce ta kuɗi tsantsa.

Shukarta ba ta bukatar iri daga kanti. Akan yanke falle lafiyayye mai shekara ɗaya zuwa biyu daga gaɓarsa da wuƙa mai tsabta, a ajiye shi a inuwa na mako ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe ya warke. Wanda ya yi gaggawar binne ɗanyen yanka, ruɓa zai tarar. Daga nan sai a soke kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin fallen cikin ƙasa, a danne. Ƙasar da ta fi dacewa ita ce jigawa ko wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, domin babban abokin gabar tsiron shi ne ruwa mai tsayawa. Kwanaki kaɗan a cikin laka sun isa su kashe saiwarsa. Don haka fadama da ƙasar laka mai riƙe ruwa ba wurinta ba ne, haka ma ƙasa mai gishiri. Inda ake da ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta, dasawa a kan kunya ya fi aminci.

Kulawar ma tana da ƙa'idojinta. Saiwar murtsunguwa ba ta nitsewa, a saman ƙasa take shimfiɗuwa domin ta cafke ɗan yayyafin da ya sauka, saboda haka noma mai zurfi kusa da gindinta yanke ta yake yi, kuma ciyawa na iya shaƙe ƙaramin dashe a daminar farko. Taki na da matuƙar tasiri a kanta. Maganar da ake yi cewa tsiro ne da ba ya bukatar komai gaskiya ce idan rayuwa kawai ake nufi, amma yawan amfanin da ake gani a gonakin Brazil ya samu ne da takin shanu mai yawa da cire ciyawa a kan kari. Shinge kuwa dole ne, musamman ga nau'in da ba shi da ƙaya, domin awaki za su cinye dashen tun bai kafu ba. A gonar abincin dabbobi akan dasa a matse, dubban fallaye a hekta guda, a fara yanka bayan kimanin shekara biyu, a bar fallayen gindi domin su sake toho. A gonar 'ya'ya akan ba da tazarar mitoci tsakanin layuka, a riƙa sassabe rassa domin haske ya shiga, a kuma rage 'ya'yan da ke kan kowane falle domin sauran su yi girma. Akan fara samun 'ya'ya daga shekara ta uku ko makamancin haka.

Idan aka juya ga kasuwa, hanyoyin samun kuɗi daga wannan tsiro sun kai biyar, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko kuma mafi girma ita ce abincin dabbobi. A yankin arewa maso gabashin Brazil, wanda ya yi ƙaurin suna wajen fari, akwai fiye da hekta 500,000 na wannan tsiro da danginsa, waɗanda ake kira palma, kuma a kansu masu shanun madara na jihohin Pernambuco, Alagoas da Paraíba ke dogara da rani. Tunisiya ma tana da kimanin hekta 600,000, ana kiwo da su, ana cin 'ya'yan, ana kuma tare zaizayar ƙasa. Sai dai fallen ba cikakken abinci ba ne. Yana da kuzari da sinadarin ƙashi, amma sinadarin gina jiki kaɗan ne a cikinsa, kuma dabbar da aka ba shi kaɗai zawo za ta yi. Dole a yayyanka shi a haɗa da busasshen abinci irin su kara ko tattaka, a kuma ƙara harawar wake ko ta gyaɗa, angurya ko tunkuza. Duk waɗannan abubuwa ne da mai turka rago ko sa a Arewa ya riga ya saba da su.

Hanya ta biyu ita ce 'ya'yan itacen. Tsibirin Sisili na Italiya ya yi fice a nan, kuma manomansa na da wata dabara: sukan kakkaɓe furen farko a ƙarshen bazararsu, sai tsiron ya sake fure, ya ba da 'ya'ya masu girma da ke nuna a makare, lokacin da kasuwa ta yi ƙaranci kuma farashi ya hau. Amma 'ya'yan na ɗauke da ƙananan ƙayoyi masu kama da gashi da ke shiga fata da ido, shi ya sa ake tsinkarsu da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, a kuma goge su kafin a kai kasuwa. Ba sa jure doguwar ajiya ba tare da sanyi ba. Ɗan kasuwar da ya ga yadda tumatir ke ruɓewa a hanyar Kano zuwa kasuwar Mile 12 ya san ma'anar wannan. Daɗin daɗawa, mutanen ƙasar nan ba su saba da cin su ba, kuma koya wa kasuwa sabon ɗanɗano aiki ne mai cin kuɗi da lokaci.

Ta uku ita ce cin ɗanyun fallaye a matsayin kayan miya, kamar yadda ake yi a Meziko, inda yankin Milpa Alta da ke gefen babban birnin ƙasar ya shahara da nomansu. Ta huɗu ita ce man da ake matsewa daga ƙwayoyin 'ya'yan, wanda kamfanonin kayan shafe-shafe na Turai ke saye daga Maroko da Tunisiya a kan ɗaruruwan daloli kowace lita. Wannan farashi ne ke ruɗin masu neman arziƙin dare ɗaya, alhali ana bukatar kusan tan guda na 'ya'ya kafin a sami lita ɗaya. Mai dai riba ce ta ƙarshe ga wanda ya riga ya mallaki gonaki masu yawa da masana'antar sarrafa 'ya'ya. Ta biyar ita ce jan rini da ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro mai suna koshinil da ke rayuwa a jikin tsiron, wanda ake sa wa a abinci, abin sha da jan-baki, kuma ƙasar Peru ce ke kan gaba wajen samar da shi. Wannan hanya ta biyar ita ce ya kamata a rufe ƙofarta tun daga farko, kuma dalilin na nan tafe.

Haɗarin farko da masu tallar wannan tsiro ba su cika ambata ba shi ne yanayi. Ganin cewa tsiron busasshiyar ƙasa ne, sai a ɗauka ko'ina aka jefa shi a Yobe ko arewacin Sakkwato zai yi. Amma dabararsa ta numfashin dare tana bukatar dare mai sanyi da iska mai ɗan laima. Masanin muhalli ɗan ƙasar Faransa, Henri Le Houérou, wanda ya shafe shekaru yana nazarin makiyayun Arewacin Afirka da na Sahel, ya lura cewa tsiron ba ya yin kyau inda laimar iska ke zama ƙasa da kashi 40 cikin 100 na fiye da wata guda a jere, ya kuma ba da misali da yankin Sahel. A ƙarshen Arewacin Nijeriya, iskar hunturu kan busar da sarari na watanni, bazara kuma ta biyo baya da dare mai zafi. Tunisiya da Maroko suna da iskar teku da sanyin hunturu mai ruwa, Tigray ta Habasha kuma tudu ce mai sanyin dare. Ko a Brazil, a ƙananan wurare masu zafin dare na jihar Rio Grande do Norte, fallayen kan yanƙwane da rani, sai da aka haɗa da ɗan ban-ruwa na ɗigo sannan amfanin ya inganta. Ma'ana, wurin da aka fi bukatar tsiron a ƙasar nan yana iya zama wurin da zai fi wahala, kuma gona ce kaɗai za ta raba wannan gardama.

Haɗari na biyu shi ne ƙwaro. A shekarar 2014 aka gano wani nau'in koshinil mai ɓarna, Dactylopius opuntiae, a yankin Sidi Bennour na ƙasar Maroko. Ƙwaron kan lulluɓe falle da wani farin abu kamar auduga, ya tsotse shi har ya bushe, iska kuma na ɗaukar 'ya'yansa daga gona zuwa gona. Cikin 'yan shekaru ya lalata babban kaso na gonakin ƙasar da suka kai kimanin hekta 150,000, 'ya'yan da a da ake kira abincin talaka suka yi tsada, ƙungiyoyin matan da ke sarrafa su suka rasa abin aiki. Sai da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar ta zaƙulo nau'o'i takwas masu jure ƙwaron aka fara sabon dashe. A shekarar 2021 ƙwaron ya bayyana a yankin Mahdia na Tunisiya. Labarin Habasha ya fi ban takaici, domin a can da gangan aka shigo da ƙwaron rini a farkon shekarun 2000 da nufin samun kuɗin ƙasashen waje, sai ya ƙwace daga hannun masu shi ya bazu a kudancin Tigray, ya cinye dubban hektoci na beles, abincin da talakawa ke dogara da shi a watannin yunwa kafin girbi. A Madagaska ma an taɓa ganin haka a shekarun 1920, lokacin da ƙwaron ya share murtsunguwar kudancin tsibirin, yunwa mai tsanani ta biyo baya, mutane da shanu suka hallaka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haɗari na uku shi ne tsiron kansa ya zama annoba. Duk fallen da ya faɗi ƙasa na iya yin saiwa, tsuntsaye da birai kuma na yaɗa ƙwayoyin. A Ostireliya, nau'o'i masu ƙaya da aka shigar domin shinge da ado sun mamaye kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Queensland da New South Wales zuwa shekarar 1925, faɗin da ya ɗan zarce kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasar Nijeriya baki ɗaya. Manoma suka gudu suka bar gonakinsu, har sai da aka kawo wata tsutsa mai suna Cactoblastis daga Ajantina aka sake ta a 1926, ta cinye dajin cikin 'yan shekaru. A gundumar Laikipia ta Kenya, nau'in Opuntia stricta ya cinye makiyaya, ƙayarsa na raunata baki da idanun awaki da tumaki. Nijeriya ba baƙuwar irin wannan masifa ba ce. Kowa ya ga yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, ta hana noma da su.

Akwai kuma darasin da bai kamata a manta ba. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufarta ta man fetur daga tsirrai a shekarar 2007, an yi ta kururuta bini-da-zugu a matsayin itacen da zai ba da man dizal a ƙasar da ba ta noma. A Afirka da Asiya mutane da yawa suka shuka, sai aka gano cewa itacen na rayuwa a mummunar ƙasa amma ba ya ba da 'ya'yan kirki a cikinta, masu sayen da aka yi alkawari kuma ba su zo ba. Tsakanin tsiro ya rayu da tsiro ya biya bashin banki akwai tazara mai nisa, kuma a wannan tazara ce jari kan nitse.

Duk da haka, ba hikima ba ce a yi watsi da tsiron saboda tsoro. Matsalar abincin dabbobi da rani na daga cikin tushen rikicin manoma da makiyaya, kuma duk wani shiri na killace dabbobi wuri ɗaya zai rushe matuƙar babu abin da za a zuba musu a watan Afrilu. Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi ta Tarayya da aka kafa a shekarar 2024 na da damar ɗaukar wannan batu da muhimmanci. Ƙasar nan na da cibiyoyin da za su iya aikin: Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, da Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, Kano. Abin da ake bukata daga gare su shi ne gonakin gwaji a yanayi daban-daban, daga tudun Filato zuwa Zariya, Kano, Katsina da Gashuwa, na aƙalla shekara uku zuwa huɗu, a auna nauyin abin da aka yanka, kuɗin da aka kashe, da ƙibar da dabba ta yi, a kuma buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Hukumar da ke kula da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a jihohi 11 na bakin hamada na da filayen da za a iya ba da aro domin wannan gwaji.

Haka zalika, wajibi ne Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa ta tsaya tsayin daka a kan iyakoki da filayen jiragen sama. Falle ɗaya da matafiyi ya ɓoye a jaka daga Kasablanka ko Alƙahira ya isa ya shigo da ƙwaron da zai kashe sana'ar tun ba a haife ta ba. Kada a yarda a shigo da dashe sai ta hannun cibiyar bincike, daga nau'o'i marasa ƙaya da aka tabbatar suna jure koshinil, kuma kada a ba kowa lasisin kiwon ƙwaron rini ko da wane irin alkawarin kuɗin waje ya zo da shi.

Ga 'yan kasuwa kuwa, shawarar a bayyane take. Wanda ke da shanun madara ko yake turka raguna domin kasuwar Babbar Sallah, shi ne ya fi cancanta ya fara, domin shi ne mai saye da kansa, ba ya jiran wani kamfani daga waje. Ya ware ɗan fili da bai wuce kwata ko rabin hekta ba, ya kewaye shi, ya nemi dashe daga hannun masana, ya rubuta duk abin da ya kashe, ya jira bazara biyu ko uku ta wuce kafin ya faɗaɗa. Bankuna da hukumomin ba da rance su ma kada su ba da bashi bisa alƙaluman Brazil ko Tunisiya, sai bisa alƙaluman da aka samu a ƙasar da za a yi shukar. Duk wanda ya zo yana sayar da dashe da tsada tare da alkawarin mayar da mai saye miloniya da man ƙwaya, a tambaye shi ina gonarsa, shekararta nawa, kuma wa ya sayi abin da ta ba da.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Murtsunguwa mai 'ya'ya ta ciyar da shanun Brazil, ta kuma kori manoman Ostireliya daga gonakinsu, kuma bambancin ya ta'allaƙa ne a kan nau'in da aka zaɓa, wurin da aka dasa, da irin sa idon da hukuma ta yi. Shekara huɗu na gwaji ba su da yawa idan aka kwatanta da asarar da masu dabbobi ke tafkawa kowace bazara, kuma da zarar an fara a daminar bana, da wuri masu jari za su san ko akwai riba a wannan ƙaya ko babu.